Tattalin Cefane da Kayan Sallah a Unguwar Tsohon Filin Jirgi ta Doha

A birnin Doha, hedikwatar ƙasar Katar, akwai wata unguwa da Larabawa ke kira Maɗar Ƙadim, wato Tsohon Filin Jirgi. Tana kusa da filin jirgin saman da birnin ya yi amfani da shi kafin a buɗe na Hamad a 2014. Ba unguwar dogayen benaye masu ƙyalli ba ce, irin waɗanda ake nunawa a talabijin. Gidajenta matsakaita ne, kuma babban titinta cike yake da ƙananan gidajen abinci, da shagunan teloli, da na masu aski, da na masu sayar da waya da turare, da gidajen canji inda ma'aikata ke aika kuɗi gida. A gefenta ne aka buɗe babban kantin nan mai suna The Mall a 1997, sannan a 2019 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara tsayawa a tashar da ke ɗauke da sunan unguwar.

Mutanen da ke zaune a Katar sun kai wajen miliyan uku, amma 'yan ƙasa ba su fi kamar ɗaya cikin goma ba. Sauran duk baƙi ne da neman abinci ya kawo su. A titin Maɗar Ƙadim mutum zai ji harsunan Indiya da Nepal da Filifin, da Larabcin Masar da na Sudan. Idan ya kasa kunne, wani lokaci zai ji Hausa. Hausawan Nijeriya da Nijar da Gana na cikin masu zama ko cefane a wannan yanki: akwai masu gadi da direbobi da ma'aikatan kanti, akwai kuma ɗalibai da likitoci da injiniyoyi. Albashinsu ya bambanta ƙwarai, amma abu guda ya haɗa su. Kowannensu yana da tukunya biyu a kan wuta, ɗaya a Doha, ɗaya a gida, kuma idan Sallah ta gabato, ta gida takan nemi ta cinye ta Doha.

Hausa tana da kalmomi da dama a kan riƙon kuɗi, kuma ba duka ne na yabo ba. Tattali shi ne kula da abin da ke hannu don kada ya lalace ko ya ƙare da wuri. Tanadi shi ne ajiye wani abu domin wata rana da aka san tana tafe. Tsimi ya haɗa ma'anonin biyu, shi ya sa aka daɗe ana kiran ilimin tattalin arziki da sunan tsimi da tanadi. Rowa kuwa zagi ce, domin ita ce hana abin da ya kamata a bayar. A ɗaya ɓangaren akwai almubazzaranci, wato kashe dukiya ba bisa ƙa'ida ba. Magidanci yana so a ce masa mai tattali, amma da a kira shi marowaci, gara a kira shi matalauci. Wannan ne ya sa Bahaushe ba ya rage kuɗin Sallah ta hanyar soke sunayen mutane daga cikin waɗanda zai yi wa alheri. Yakan rage girman abin da zai ba kowa, ko ya saya da wuri, ko ya haɗa kai da wasu, amma sunayen suna nan.

Lissafin yana farawa ne daga albashi. Tun daga watan Maris na 2021, dokar Katar ta ƙayyade mafi ƙarancin albashi a kan riyal 1,000 a wata. Idan mai aiki bai ba ma'aikaci masauki ba, sai ya ƙara masa riyal 500, idan kuma bai ciyar da shi ba, sai ya ƙara riyal 300. Riyal 300 a kwana talatin, riyal goma ke nan kullum. Farantin shinkafa da kaza guda ɗaya a ƙaramin gidan abinci yakan cinye wannan goma, ko ma ya haura. Kofin shayin karak, wato shayi mai madara da kayan ƙamshi da kowa ke sha a Doha, riyal ɗaya ne ko biyu, kuma wanda ya saba shan kofi uku a yini zai tarar ya shanye wani kaso mai tsoka na kuɗin abincinsa kafin wata ya mutu. Saboda haka wanda ke cin abincin saye safe da rana da dare, ba zai ga abin aikawa gida ba.

Maganin da ma'aikata suka samo shi ne haɗa tukunya. Mutum biyar ko shida da ke ɗaki ɗaya ko gida ɗaya sukan tara kuɗi a farkon wata, su sayi babban buhun shinkafa, da jarkar mai, da katan ɗin kaji masu ƙanƙara, waɗanda galibi daga Burazil ake kawo su, da albasa da tumatirin gwangwani. Sai a raba aikin girki: wanda ya taso aiki da wuri shi ne mai ɗora tukunya. Indiyawa da Nepalawa ma haka suke yi. Ga Bahaushe kuwa, wannan ba baƙon abu ba ne. A ƙauyuka da tsofaffin unguwannin birane akwai al'adar ciyayya, inda maƙwabta ke fito da kwanukansu ƙofar gida bayan magariba, a zauna a ci tare, ta yadda wanda tuwon gidansa bai kai ba ba zai kwana da yunwa ba, kuma ba wanda zai san asirinsa. Bambancin shi ne, a gida mata ne ke dafawa, a Doha kuwa namijin da bai taɓa riƙe muciya ba sai ga shi yana tuƙa tuwo.

Katar ƙasa ce ta hamada, kuma mafi yawan abincinta daga waje ake shigo da shi. An ga haɗarin haka a watan Yuni na 2017, lokacin da Saudiyya da wasu ƙasashe suka yanke hulɗa da ita, aka rufe kan iyakarta ta ƙasa guda ɗaya tilo, har zuwa Janairun 2021. Tun daga lokacin ƙasar ta ƙara himma wajen samar da madara da kaji da kayan lambu a cikin gida. Amma kayan miyar Hausa ba sa cikin wannan lissafi. Kuka da daddawa da manja da doya, idan an same su a shagunan 'yan Afirka, farashinsu yakan ninka na gida sau da yawa, saboda kuɗin jirgi.

A nan ne sanin sunayen abinci a wasu harsuna ke zama kuɗi a aljihu. Abubuwa da yawa da Bahaushe ke zaton sai daga gida, suna nan jibge a kantunan unguwar da wani suna. Gero shi ne Indiyawa ke kira bajra, dawa kuma jowar, kuma ana sayar da garinsu a niƙe cikin leda. Da garin bajra ana dama kunu, ana kuma yin fura, a dama ta da laban, wato kindirmon Larabawa mai ruwa-ruwa. Lalo shi ne mulukiyyar Misirawa, wadda ake sayarwa a yanke cikin ƙanƙara. Busasshiyar kuɓewa ita ce Sudanawa ke kira weka, zoɓo kuma shi ne karkade. Tsamiya tana kowane kantin Indiyawa. Shinkafar Masar mai gajeren ƙwaya tana da danƙo, don haka ta fi basmati mai tsada dacewa da tuwo, kuma garin alkama mai tsaki-tsaki da Larabawa ke kira samid yana maye gurbin garin masara. Wanda ya gane wannan, abin da zai roƙi matafiyi ya riƙo masa daga Kano ko Maraɗi bai wuce kuka da daddawa da yaji ba, kuma waɗannan ba su da nauyi, ƙulli ɗaya sai ya yi wata uku.

Masu iyali a Doha, waɗanda galibinsu ma'aikata ne masu albashi mai ɗan kauri, nasu nauyin ya fi yawa a kan kuɗin haya da na makarantar yara. Uwargida takan bi takardun rangwamen da manyan kantuna irin su Lulu da Al Meera ke fitarwa, ta sayi kayan da ba sa lalacewa lokacin da aka karya farashinsu. Wasu gidajen kan haɗa mota su je babbar kasuwar kayan gwari ta Sailiya, a sayi kwandon tumatir ko buhun albasa a raba. Lemon kwalba kuwa ya zama abin da ake tunani kafin a saya, domin a farkon 2019 gwamnati ta ɗora masa harajin kashi 50 cikin ɗari. Zoɓo da kunun tsamiya sun fi shi araha, kuma baƙon da aka tarba da su ba ya jin an rage masa daraja.

Watan azumi yana zuwa wa ma'aikaci da sauƙi ta wasu fuskoki. Dokar ƙwadago ta mayar da aikin mako awa 36, wato awa shida a yini. Ma'aikatar kasuwanci takan fitar da jerin ɗaruruwan kayan masarufi da aka rage wa farashi domin watan. Ƙungiyoyin agaji irin su Qatar Charity da ma'aikatar harkokin addini sukan kafa tantunan buɗa-baki, inda kowa zai shiga ya ci shinkafa da nama ba tare da an tambaye shi komai ba. Gwauro mai ƙaramin albashi yana iya yin kusan dukan watan bai sayi abincin dare ba, kuma da yawa a nan ne suke samun rarar da za ta zama kayan Sallar 'ya'yansu. A gidajen masu iyali kuwa, abin yakan juye: a soya ƙosai, a soya dankali da ƙwai, a yi farfesu, a dama kunu, a ƙara da sambusa da aka koya daga maƙwabta, alhali cikin mai azumi ba ya ɗaukar rabin abin da idonsa ya so. Abincin da ake zubarwa a wannan wata ba kaɗan ba ne.

Abin da ake jira daga magidanci a Ƙaramar Sallah sananne ne. Na farko zakkar fidda-kai, wadda ake kira zakkar kono: mudun Nabi huɗu na abincin da aka fi ci a gari, a kan kowane mutum da yake ciyarwa. A ƙasar Hausa hatsi ake aunawa, gero ko dawa ko masara ko shinkafa. A Katar hukumar zakka takan sanar da kimarta da kuɗi, kuma a 2024 riyal 15 ne a kan mutum ɗaya. Na biyu kayan Sallah, wato sabon ɗinki ga mata da yara, da takalma da huluna da mayafai. Na uku cefanen tuwon Sallah da kaji da cincin. Na huɗu goron Sallah, wanda asalinsa goro ne na ci, amma yanzu kuɗi ne da ake ba yara da 'yan'uwa masu zuwa gaisuwa suna cewa barka da Sallah. Saurayin da ke neman aure yana da ƙarin nauyin toshi, wato kyautar da zai kai wa budurwarsa. Bayan waɗannan akwai iyaye da surukai da gwaggo da inna, kowa da nasa rabon.

Ga wanda ke Doha, nauyin ya fi na wanda ke gida, domin ana yi masa lissafi da canji. Riyal na Katar a ɗaure yake da dalar Amurka, riyal 3.64 a kan dala ɗaya. Kafin watan Yuni na 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma. Da gwamnatin Nijeriya ta saki naira, sai ga dala ta haura naira 1,500 a 2024, wato riyal ɗaya ya wuce naira 400. Dangi sukan buga wannan lissafi su ga ɗansu yana ɗaukar dubban ɗaruruwa a wata, su manta cewa da riyal yake cin abinci. Shi kuma yakan ga kuɗin da ya aika sun yi yawa a takarda, ya manta cewa a tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Nijeriya ta haura kashi 40 cikin ɗari. Saɓani da yawa tsakanin miji da mata, ko tsakanin wa da ƙane, daga wannan rashin fahimta yake tasowa. Mutanen Nijar ba su ga irin wannan hawa da sauka ba, domin sefa a ɗaure take da kuɗin Turai.

Dabarar da ta fi kowace tasiri ita ce riga kasuwa. A Kantin Kwari na Kano, kasuwar yadi da ta fi kowace girma a Arewa, cunkoso yakan yi tsanani da zarar azumi ya kama. Teloli ma sukan ƙara kuɗin ɗinki, kuma duk da haka wasu yaran sai ranar hawan Sallah suke karɓar kayansu, wasu ma sai bayanta. Wanda ya aika kuɗin shadda da atamfa tun a watan Rajab ko Sha'aban, ya tsira daga tsada, ya kuma tsira daga saɓa alkawarin tela. Aikawa sau ɗaya ta fi aikawa sau biyar, domin gidajen canji suna cajin kuɗi a kan kowace aikawa. Don a samu dunƙulallen kuɗi a kan lokaci, ma'aikata sukan yi adashi: mutum goma, alal misali, kowa ya zuba riyal 200 a wata, mutum ɗaya ya kwashi 2,000. Rigimar adashin baƙi guda ce, kowa yana son kwasarsa ta faɗo gab da Sallah. Akan warware ta da ƙuri'a, ko a bar wa masu 'ya'ya watannin Sallah, gwauraye su ɗauki sauran.

Babbar Sallah kuwa maganar rago ce. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Hausawa ke bi, layya sunna ce mai ƙarfi ga wanda yake da hali, kuma rago ya fi sa da raƙumi falala. Malaman mazhabar ba su yarda mutane su haɗa kuɗi su sayi dabbar layya guda ba, sai dai magidanci ya shigar da iyalinsa cikin ladan tasa. A mazhabar Hambaliyya da ake bi a Katar, mutum bakwai suna iya tarayya a kan sa ko raƙumi. Bahaushen da ke zaune a Doha yakan ji fatawoyin biyu, kuma da yawa sun karɓi ta biyun saboda sauƙinta. A gida ma akwai watanda, inda maƙwabta ko abokan aiki ke haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka, a kasa naman kashi-kashi daidai da abin da kowa ya zuba. Asalin watanda neman nama ne da araha, ba layya ba, shi ya sa ake yin ta a Ƙaramar Sallah ma.

Mafi yawan ma'aikata a gida suke yin layyarsu. A Katar dabba tana da tsada, rangwamen ragunan da gwamnati ke tallafawa na 'yan ƙasa ne, kuma a mayanka ake yanka, ba a ƙofar gida ba. Ban da haka, gwauro a ɗakin haya ba shi da inda zai kai naman rago guda. A gida kuwa naman zai shiga gidaje goma, a soya saura a ajiye, a ci wata da watanni. Masu hangen nesa sukan aika kuɗi tun watanni huɗu ko biyar kafin Sallah, a sayi ɗan matsakaicin rago a kasuwar ƙauye, mata ko yara su yi kiwonsa da dusa da harawa. Waɗanda suka yi haka a 2025 sun ji daɗi, domin a shekarar gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi daga ƙasarta gabanin Babbar Sallah, kuma raguna suka yi tsada a kasuwannin Nijeriya. Kiwo ma yana da nasa haɗarin: rago yana iya yin ciwo, ana kuma iya sace shi.

Akwai waɗanda ba sa bin ko ɗaya daga cikin waɗannan hanyoyi, sai su ci bashi. Hausawa suna da magana a kansu, cewa Sallah ta wuce ta bar wawa da bashi. Maganar tana da zafi, kuma ba kullum take yin adalci ba. Mutumin da ya shekara biyu bai ga 'ya'yansa ba, sabuwar rigar da zai gani a jikinsu ta hoton waya ita ce kaɗai shaidar cewa zamansa a baƙon wuri yana da amfani. Amma bashi a ƙasar da mutum yake zaune da izinin aiki ba abin wasa ba ne, domin wanda aka kai ƙara a kan bashi ana iya hana shi fita daga ƙasar har sai ya biya.

Wanda ya samu hutu zai je gida, wata jarrabawar ce ke jiransa, wato tsaraba. Matafiyi ba ya komawa hannu rabbana, kuma duk wanda ya zo yi masa sannu da zuwa yana sa rai da wani abu. Tun da jirgin Qatar Airways ya fara zuwa Kano a 2022, tafiyar ta yi sauƙi, amma galibi jaka biyu ake yarda wa fasinja, kowace kilo 23, kuma kuɗin abin da ya haura yana iya fin kuɗin kayan kansu. Sababbin zuwa sukan cika jaka da yadi da takalma da kayan wasan yara, sai sun isa gida su tarar irinsu na nan a Kwari da Sabon Gari, daga masana'antun Sin guda, kuma da araha. Tsofaffin hannu sun san abin da ake ɗauka: dabino, da ƙananan kwalaben turare, da turaren wuta, da carbi, da sallaya, da abaya ɗaya ko biyu domin uwa da mata. Kwalin dabino guda yana isa gidaje da yawa idan aka ƙulla shi kaɗan-kaɗan, kuma tsohuwar da aka ba ƙwaya bakwai da kwalbar turare za ta sa albarka kamar wadda aka ba turmin atamfa, domin abin daga ƙasar Larabawa ya fito.

Ranar Sallah a Doha, ana idar da sallar idi jim kaɗan bayan fitowar rana, tun kafin zafi ya tsananta. Ma'aikatan kamfanoni suna da hutun kwana uku a kowace Sallah bisa doka, ko da yake masu gadi da ma'aikatan kanti sau da yawa a bakin aiki suke yin ta. Yaran Larabawa suna karɓar idiyya, wadda ita ce goron Sallarsu, har ma babban bankin ƙasar yakan tanadi na'urorin cirar kuɗi na musamman masu ba da ƙananan takardu domin wannan. 'Ya'yan Hausawa da aka haifa a can sun koyi sunan, sun kuma koyi cewa idiyyar maƙwabta ta fi ta babansu kauri. A ɗakunan gwauraye kuwa, tukunyar da aka saba haɗawa ita ce ake faɗaɗawa: wannan ɗaki ya kawo waina, wancan ya kawo miyar taushe da aka yi da kabewar kantin Indiyawa, wani ya kawo zoɓo. Ana ci ana kiran gida ta waya, ana nuna wa juna hotunan yara cikin sabon ɗinki, kowa yana faɗin watan da ya sayi yadin da kuma nawa ya saya.